Ƙafar Baba Haliru

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Yau ma gindin katangata jiƙe sharkaf, kuma ba ruwan sama ba ne. Fitsari. Ƙasar har ta fara zaizayewa, tururuwa sun yi baƙi ƙirin a wurin. Katangar da na gina da gumina bana. Wallahi duk wanda na kama sai na karya shi.

Alhamis, 4 ga Yuli
Matata Mufida ta ce in bar wa Allah. Ita komai a bar wa Allah, har miyar da ta ƙona da hannunta. Na ɗauko gorata.

Asabar, 6 ga Yuli
Na kama shi jiya. Na laɓe a duhu, ina jin ƙarar fitsarin na yi kukan kura na zabga masa gora a ƙwauri, na ƙara, na ƙara, har ya kife. Bai yi ihu ba, salati kawai. Na haska tocila.

Baba Haliru. Maƙwabcinmu, aminin marigayi babana, wanda ya karɓa mini aure. Jini na bin ƙafarsa. Abin da ya ce kawai: "Kashe fitilar, Ishiyaku, ban ɗaura wando ba."

Lahadi, 7 ga Yuli
Ya gaya wa 'ya'yansa wai kwata ya faɗa. Har yanzu raina a ɓace yake. Wa ya aike shi? Duk faɗin Kibiya sai katangata?

Talata, 16 ga Yuli
Na shiga duba shi a shagon ƙofar gida inda yake kwana. Ya ce tun bara ƙishirwa ke tashinsa da dare, ya shanye ruwan randa maƙoshi na nan a bushe, tafin ƙafa na zugi, ga fitsari ba iyaka. Masai kuwa can ƙuryar gida yake, sai ya ratsa ƙofar matan 'ya'yansa. Da wace fuska zai yi ta wucewa ta gabansu duk dare? Shi ya sa yake zagayowa lungu.

Ciwon bai kame ba. Ya fara wari.

Alhamis, 25 ga Yuli
Asibiti a Rano. Ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa. Ma'aikaciyar ta ce ƙishirwar da fitsarin daren duk alamu ne, har tururuwan nan, kuma mai suga ciwonsa ba ya saurin warkewa. Sun tura mu Kano, ko a ceci ƙafar.

Babban ɗansa Hammadu ya ce wannan ba faɗuwa ba ce, duka ne, kuma in ya gano mai shi sai ya sassara shi da adda. A motar da za ta kai mu Kano na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Baba ya damƙe wuyan hannuna har farcensa ya shige ni.

Juma'a, 2 ga Agusta
Sun yanke. Ƙasan gwiwa.

Laraba, 21 ga Agusta
An sallamo shi. Hammadu sai godiya yake mini, wai ko ɗan cikinsa albarka. Na ji kamar in shaƙe shi.

Na mayar da tabarmata shagon Baba. Da ya motsa nake miƙa masa gwangwanin fitsari, in fita in zubar, in ɗauraye. Na gaya wa Mufida ɗakinmu ne ya cika zafi.