Wayar Tagullar da Na Cusa a Bututu

Anti, gaisuwa mai yawa gare ki da masu karatu. Don Allah ku ɓoye sunana, kada kuma ku yanke mini hukunci, na riga na gaji da yanke wa kaina.

Ina aiki a wani ɗakin gwajin ƙasar noma kusa da Kafanchan, inda ake noman citta. Muna da na'ura mai ƙona ƙasa a cikin bututun gilashi, ta nuna yawan takin da citta ta sha daga ƙasar. Ni ke cika bututun da garin tagulla na musamman, idan ya yi baƙi a zubar a sa sabo. Mai binciken, wani malami ɗan Manchok, da wannan aikin zai samu digirinsa. Tun ranar da ya ce mini "Sannu da aiki, Sista" nake jera mana kujerun biki a zuciyata, kamar a littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a aljihun tebur.

Sai tagullarmu ta ƙare, ta Turai ba ta iso ba. Na gan shi ya dafe kai, na ce ai a labari mace ce ke ceton masoyinta. Na je wurin mai naɗin koyil na fanka da janareta a kasuwa, na sayi wayar tagulla, na yayyanka ƙanana na cusa. Na ce masa a sito na tsinci ragowa. Ya ce, "Sista, Ubangiji ne ya aiko ki." Wa zai ji wannan ya tona kansa? Ina na san wayar koyil shafe take da wani mai da ke ƙonewa ya gurɓata awo?

Wata huɗu ke nan alƙaluman suna hawa da sauka. Ya canja bututu, ya canja gas, ya sake ɗebo ƙasa daga gonaki, har ya rame. Ni ce ke riƙe masa sukuddireba ina cewa "Ko gilashin ne?" Na cire wayar tuni, amma rabin awonsa da ita aka yi. Jiya ya ce, "Na haƙura, haka zan miƙa aikin. Ke kaɗai ce ban taɓa zargi ba a ɗakin nan." Ya kuma ce kawunnansa za su zo gaida Baba bayan Ista.

Idan na faɗa, shekararsa ta tafi, wataƙila da ni. Idan na yi shiru, zai tsaya gaban manyan malamai ya kare ƙaryata da sunansa. Ranar Litinin zai kai aikin jami'a a Zariya. Me zan yi?