Inda Ɗorawar Inna Take Da

Daren Laraba, farkon damina.

Bayana kamar an daka shi a turmi. Tun hantsi muke gonarmu ta Jandutsi ni da Yaya Sani, muna dashen dogon yaro inda ɗorawar Inna take da. Shi ya sare ta bara, masu gidan burodi na Jega sunka kwashe iccen. Yau ya zo da dashe cikin leda, irin wanda anka raba, yana ta cika baki wai ya sare guda ya maida goma.

Da la'asar Inna ta lallaɓo da sandarta. Ta daɗe tana kallon kututturen, sannan ta ce, "Sani, wanga icce naka yana yin kalwa?"

Ya ce, "A'a Inna, amma akwai saurin girma."

Ta ce, "To, da saurin girman za ni yin daddawa?"

Ban yi dariya ba. Gona tamu ce, amma ɗorawar gadon uwarta ce, kowa ya sani.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya ya ce dole a yi wa dashen shinge saboda awakin rani. Ya ɗauki gatari ya nufi bagaruwar bakin gona, ita kaɗai ta rage, ya sare ta. Ni na jawo ƙayar, hannuna har yanzu zogi yake.

Goman suna nan tsaye, babu wanda ya kai gwiwata. Inna ta duba inuwar da za ta zauna ta huta, ba ta samu ba, ta juya gida.