Battar da Muka Kawo da Dawar da Ba Mu Samu Ba

Zuwa ga Babban Likitan Dabbobi na yankinmu, wanda muke kira Baitari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ta ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ni ne Alhaji Ɗanjumma, manomin hawasha, wato gonar ban-ruwa da hukuma ke yanka wa mutum, a wata ruga ta Hausawa kudu da garin Hajj Abdalla. Ban yi makarantar hukuma ba, kuma ban yi nadama ba. Taubashina Malam Haruna, tsohon malamin makaranta, shi ke riƙe da alƙalami. Na ce masa in ya gyara mini magana ko da kalma ɗaya, Allah ya isa.

Na farko, ka san da wa kake magana. Tun ina gudu babu wando nake kiwon kaji. Ina da kaji fingi, masu gashi a murɗe, jikokin jikokin wata kaza da uwata ta saya shekarar da iyayenmu suka sauke kaya a nan suka fasa ƙarasawa Makka. Duk garin nan babu mai irinsu sai ni. Kaza in ta yi tsaye ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi da rana tsaka, kashinta kore, tana buɗe baki awa mai neman hamma, ba sai na je birnin Madani an faɗa mini ba: samir ne, annobar da ke share akurki. Na ba da barkono, na ba da toka, na jiƙa bagaruwa da ɓawon maɗaci. Gaskiya ɗaya ce, kuma tsufa bai hana ni faɗinta: waɗanga suna tsai da zawo, amma samir dariya yake yi musu. Ɗigon nan naku na ido shi ne maganinsa, in an yi shi kafin cutar ta shigo.

Na biyu, ba kaji ne suka kai ni ofishinku ba, agwagi ne. Bayan Sallar Layya agwagina suka fara wani abu da ban taɓa gani ba. Agwagwa ta dawo daga ƙaramar tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, ƙafafu su mutu, wuya ya yi laƙwas ya kwanta ƙasa awa igiyar guga. Cikin kwana biyar na rasa bakwai, maƙwabta ma haka. Na hau mota na zo da kaina. Kun karɓe ni da shayi, kun ce za a turo mutum. Kuma an turo. Wannan na yaba, Malam Haruna, rubuta cewa na yaba.

Na uku, ga inda gizo ya yi saƙa. Wanda kuka turo Usman ne, ɗanmu ne, na san kakansa, tare muka yi cirar auduga. Sai dai shi a birni ya tashi, Hausarsa ta rame, Larabcinsa ya yi ƙiba. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe cikin masallaci, don ya girmama dattawa ya ce zai yi sanarwa da harshen kakanni. Abin da ya ce, kuma mutum sama da sahu uku shaida ne: gobe da safe kowa ya zo gindin dogon yaro da battarsa, za a ba da dawa kyauta.

Ranka ya daɗe, kai Balarabe ne, bari in fassara maka. A bakinku batta ita ce agwagwa, dawa kuwa magani. A bakinmu batta ɗan ƙaramin mazubi ne da tsoho ke ajiye taba, dawa kuwa hatsin da ake tuwo da shi. Dukanmu muna jin Larabci, har da shi muke faɗa da matanmu. Da ya yi maganarsa da Larabci tsantsa babu wanda zai ɓata. Amma ya buɗe da Hausa, kunnuwanmu suka juya Hausa, ga shi bana hatsi ya yi tsada. Wa zai ji dawa kyauta ya tsaya tunanin agwagwa?

Wasu sun yi mamakin ƙanƙantar mazubin. Ni na kwantar musu da hankali, na ce na ga hukumomi da yawa, wadda za ta auna maka hatsi da battar taba ba baƙuwa ba ce. Da safe na tafi da battata a hannu saboda bin doka, da buhu a ƙarƙashin jallabiya saboda sanin hali. Mata suka zo da ƙwarya da roba, wata gwauruwa ta zo da tukunyar biki. Liman ya turo jaki. Usman na zaune da akwatin ƙanƙara da allurai, yana leƙa bayan kowa yana neman abu mai fiffike.

Da aka gane, an yi dariya har wani ya zauna ƙasa, Usman kaɗai bai yi ba. Ya ce a koma a kamo. To, wanda ya san agwagwa ya san ba a kama ta bayan an buɗe mata ƙofa. Tun asuba sun bazu cikin tur'a. Ni da shekaruna na shiga ruwa har gwiwa ina bin torona, ya dube ni ya ƙara gaba. Kafin azahar ƙanƙarar ta narke, Usman ya naɗe kayansa ya tafi.

Na huɗu, kuma nan dariya ta ƙare. Na sami labari an rubuta a takardarku cewa mutanen garinmu sun ƙi kawo tsuntsayensu, don haka an cire mu daga jerin garuruwan da za a kai wa ɗigon samir bana. Ba mu ƙi ba. Mun zo, har da jaki. Yanzu samir ya shiga garin da ke gaba da mu a kan tur'a, kuma kajin kasuwar Hajj Abdalla ba su san iyakar gari ba. Fingina uku suka rage da zakara ɗaya. In suka tafi, abin da uwata ta bari a duniya mai numfashi ya ƙare, sai ni, ni kuwa ba na ƙwai.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A mai da sunan garinmu cikin jerin kafin sanyi ya kama. A sake turo Usman ɗin nan dai, kada a hukunta shi, ladabi ne ya kai shi, amma ni zan yi sanarwar, kuma a faɗa mana da kwana ɗaya don mu kwana da akurki a rufe. Sannan a duba mana ruwan tur'ar nan, don ina zargin inda ya tsaya ya yi kore, har da mushen kifi, can agwagin ke sha. Na tsare nawa a gida da ruwan rijiya, kuma tun ran nan biyu kaɗai suka kwanta.

Tare da wagga takarda na aiko maka da batta, irin ta Hausa. Abin da ke cikinta kashi ne, batta irin ta Larabci ce ta ajiye shi jiya da safe, don ku duba da madubinku na ganin ƙwayar cuta. Ka gargaɗi mai gadinka, na ga yana shan taba, kada ya buɗe ya kai hanci.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsare dabbobin da ke hannunka da mutanen da ke bayansu. In kuma akwai dawa irin tamu a ajiye a ofis, buhun yana nan ƙarƙashin jallabiya.

Wassalam.

Alhaji Ɗanjumma mai fingi,
da hannun Malam Haruna, wanda ya ce a rubuta shi ma ya zo da buhu.