Ƙorafi Kan Lasifikar Malam Bala

Zaharaddeen Tukur,
Unguwar Tudun Wada, Gusau.
3 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Amintattu,
Makarantar 'Yan Mata ta Tudun Labbo,
Bungudu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA BAI WA NUSAIBA AMINU SHAWARA

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Ni kawun Nusaiba ne, ɗalibarku 'yar shekara goma sha biyar. Tun da aka kashe mahaifinta a hanyar Tsafe bara, abinci da barci da magana duk suka ragu a wajenta. Ga abin da makarantarku ta ƙara mata:

1. An buɗe ofishin bai wa ɗalibai shawara, aka ɗora Malam Bala, malamin horo, a kai. Na yaba da tsimin. Bulalarsa tana nan kan teburin, kusa da takardar da ta ce a saki jiki.

2. Ranar Litinin, 13 ga Oktoba, a wajen taron safe, Malam Bala ya ce duk mai damuwa a zuciya ta fito gaba. Nusaiba kaɗai ta ɗauka da gaske ake. Ya miƙa mata lasifika don na baya su ji. Da kuka ya hana ta magana, sai ya sa aka tafa mata.

3. Tun ranar sunanta a makaranta Hajiya Damuwa. Har mai sayar da awara a bakin ƙofa ta iya shi. Nusaiba ba ta sake komawa ba.

4. Ranar 22 ga Oktoba na ga shugabar makaranta, Hajiya Kulu. Ta ce balaga ce kawai, wai yarinyar da ke samun tuwo ba ta da damuwa, kuma wannan ciwo ni na zo da shi a akwati daga ƙasar wajen da na yi karatu. Likitan da ya duba Nusaiba a Gusau bai taɓa fita daga ƙasar nan ba. Ya ce kada a bar ta ita kaɗai, domin ta gaya wa mahaifiyarta ta gaji da wayewar gari.

5. Makaranta ta aiko cewa in ta dawo za ta yi yankan ciyawa, hukuncin fashin makaranta.

Don haka ina roƙon mai girma Shugaba da a soke hukuncin, a bar Malam Bala da aikin da ya iya, a ba malama mace ofishin, a kuma sa masa ƙofa mai rufuwa. Ina so Nusaiba ta warke, ta koma ajinta.

Idan makaranta ta ga dacewar ba ta haƙuri, don Allah kada a yi a taron safe.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya.

Naka cikin ladabi,
Zaharaddeen Tukur