Koren Maganin Yamma

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya shago da jama'a? Na rubuta ne na ɗauki hoton takardar na turo miki, don kin san a waya magana takan sarƙe mini.

Batun maganin hawan jinin Mama ne ya hana ni sakat tun da aka mayar da ni sitonmu na wannan gari. Mama ta fara mantuwa, in aka tambaye ta ko ta sha sai ta ce ta sha, ko da ba ta sha ba. Na safe ba ya damuna, matata, Antinki, ce ke ba ta. Na yamma ne abin tsoro, tunda ita tana fita aikin yamma, ke kuma sai kin rufe shago kike leƙowa. Kada a ba ta sau biyu, kada kuma a rasa mai ba ta.

To, na haɗa mana 'yar manhaja. Kada ki yi dariya, ban iya rubutun kwamfuta ba. Akwai wani shafi da ake jawo akwati a ajiye, a jawo madanni a ajiye, sannan a gaya masa abin da zai yi in an taɓa shi. Ja na nufin ba a ba ta ba. Wadda ta ba ta sai ta danna, ya koma kore, kowa ya gani. Ban sa ya nuna sunan mai dannawa ba, kada ya zama kamar ina sa muku ido. Na gwada ta har na gaji, amma har yanzu zuciyata na ce mini akwai abin da na manta.

Ki gaishe mini da Mama.
Yayanki

*

Injiniyan jawo-ka-ajiye,

Gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe! Mutumin da rimot ke gagara, yau shi ne da manhaja. Gaskiya ta yi kyau, har na nuna wa masu zuwa kitso, suka ce a tambaye ka nawa kake yi.

Wasa ya ƙare nan. Jiya Mama ta tashi za ta banɗaki jiri ya kwashe ta, Allah ya sa bango na kusa. Na kai ta asibiti, likita ya auna ya ce jinin ya hau sosai, ya tambaye ni ko tana shan na yamma. Na nuna masa wayata, kore reras tun da muka fara. Ya ce shi ba waya yake dubawa ba. Da muka dawo na buɗe kwalin maganin yamma. Yaya, kusan yadda aka sayo shi yake.

Ni dai kullum na shigo na tarar da kore, sai in zauna mu yi hira in tafi. To wa ke dannawa? Mu biyu ne a nan, kuma ba ni ba ce. Ban ce komai ba, amma matarka ce, kai ka san yadda za ka tambaye ta.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Na karanta saƙonki.

Na bi manhajar akwati bayan akwati. Shafinki daidai yake, na Antinki ma haka: sai an danna yake komawa kore. Na sake bi, na rubuta abin da na duba a littafina don kada in ruɗe, ban ga kuskure ba. Wallahi na so in gani.

Sai na kira Antinki. Na shirya maganar a raina yadda za ta fito da laushi, amma da ta ɗauka abin da ya fito shi ne, “Kina dannawa ba ki ba ta ba?” Can ta ce, “Ni da nake yi mata wanka?” Ta kashe. Na sake kira ba ta ɗauka ba.

Ban san abin da zan yarda da shi ba. Shekara da shekaru ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Amma na'ura ba ta da dalilin yin ƙarya, abin da aka gaya mata take yi. Ko gajiya ce ta sa take dannawa da niyyar ba ta, sai sauri ya ɗauke ta? Ina jin kunyar wannan tunani, ga shi kuma na rubuta.

Wani abu kuma, wayata ta faɗo daga kan kwalaye gilashin ya fashe, da ƙyar na ga abin da nake turowa. Gobe za ta yini wurin mai gyara, in kin neme ni ba ki samu ba kada ki tsorata. Don Allah daga yau ki riƙa duba kwalin da idonki, komai launin da kika gani.

Yayanki

*

Yaya,

Sannu da fama. Gidan ba daɗi. Anti na gaishe ni kamar baƙuwa, ta daina zuba mini abinci in na zo. Yaran ma sun lura, ƙaramar ta tambaye ni ko mun yi faɗa da mamanta.

Ga wani abin mamaki. Ranar da wayarka ke wurin gyara na shigo na tarar da ja. Karon farko ke nan da na taɓa ganin jan nan da idona! Na ba Mama, na danna. Washegari, da ka karɓo wayarka, na zo da wuri don ba ni da kitso, Anti ma ranar ba ta je aiki ba, muna tsaye da ita a kicin, hannunta cikin kumfar wanke-wanke, wayarta na caji a ɗaki. Ina kallon tawa ya juya kore da kansa. Na ce ko aljani ka ɗauka aiki?

Lokacin nan ne kuke tashi daga aiki, ko ba haka ba? Me kake yi da wayarka in ka tashi?

Auta

*

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaishe ki da ɗawainiya. Na san ba ki son jin muryata yanzu, shi ya sa na rubuto. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni ne nake dannawa.

Manhajar tana da shafi na uku, nawa, wanda nake leƙawa in ga ko an ba Mama magani. Lokacin da nake gwaji na gaji da tashi in ɗauko wata waya in danna, sai na gaya wa shafina cewa da zarar an buɗe shi ya mayar da na yamma kore, don in ga ko launin na canzawa. Na ce zan cire in na gama. Ban cire ba. Da na bi diddigi kuwa, naki na duba da na Auta. Nawa bai zo mini a rai ba.

Ba a barinmu da waya a cikin sito. Kullum ana tashi, tun kafin in sa takalmi, nake buɗewa don hankalina ya kwanta. Ina buɗewa ya zama kore, in ce alhamdulillahi, sun ba ta. Ke ki gani ki ɗauka Auta ta riga ki, Auta ta gani ta ɗauka ke ce. Mama na zaune ba wanda ya ba ta komai, ni ina can ina murna.

Na cire abin. Na sa abokin aikina ya buɗe shafin a gabana, ja ya tsaya ja. Duk da haka kada ku yarda da ni tukuna, ku riƙa duba kwali.

Tambayar da na yi miki ita ce ba ni da inda zan jawo ta in cire. Na auna ki da abin da na haɗa a 'yan kwanaki, na zaɓe shi. Na gaya wa Auta komai, ta ce za ta zo ta ba ki haƙuri da bakinta. Ni ban san ta inda zan fara ba. Ki yafe mini in kin iya.

Mijinki

*

Baban yara,

Na karanta. Mun koma asibiti, jinin ya fara sauka. Auta ta zo, mun ci abinci tare.

Yau ja na tarar. Na ba Mama, na tsaya har ta haɗiye, sannan na danna.

Sauran maganar ba ta takarda ba ce. Ka nemi hutu ka zo.