Ashe Kin Taɓa Kiran Sunana

Zuwa ga Innata Hauwa,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai miki wannan takarda, na kuma san ko an kai ba za ki karanta ba. Amma tun shekaranjiya cikina ke cike da magana, na gaya wa Malam, na gaya wa maƙwabta, har mai kawo mana ruwa bai tsira ba, kuma ban ƙoshi ba. Ke kaɗai kika rage, ke ce kuwa mai laifin.

Inna, ashe haka kike?

Bari in fara daga farko. Ranar Alhamis na je Shinkafi cin kasuwa, sai na tarar sojoji suna duba marasa lafiya kyauta a wata firamare. Kin san hawan jinin nan da kika bar mini gado. Na bi layi. Wata yarinya cikin kaki, nas ce ta soja, Hausarta duk a karkace, ta ɗaura mini abin awo ta tambayi sunana. Da na ce Ramatu, sai ta tsaya. Ta tambaya ko a Zurmi na girma, ko mahaifiyata ta yi aikin jinya a yaƙin basasa, ko a Kaura ta hau jirgin ƙasa. Ina cewa e, yarinyar nan ta saki abin awon a hannuna ta rungume ni gaban mutane. Na ɗauka taɓin hankali ne.

Ashe jikar Sista Meri ce, 'yar Binuwai, wadda kuka yi aiki tare a bakin daga. Tun da aka turo yarinyar Zamfara kakarta ta ɗora mata aiki: duk Ramatun da ta zo gabanta ta bincike ta. Yarinyar ta ce Ramatocin yankin nan har sun fara gudunta. Uwar yarinyar ma, Kirista ce fa, Ramatu take, kuma sunana ta ci.

Nan take ta yi wa tsohuwar kiran bidiyo. Tana raye, Inna! Ba haƙori ko ɗaya, amma baki kamar rediyo. Tana ganina ta fashe da kuka, wai goshinki ne sak.

Kin san abin da ban taɓa gaya miki ba? Ni 'yar fari ce, na san al'ada, na san kunya. An yaye ni aka kai ni Zurmi wurin Kaka, ke kuma kika bi jirgi zuwa yaƙi. Kika dawo, kika haifi su Bala da Asabe, kina kiransu da baki cike. Ni kuwa "ke", ko "waccan", in kin ji daɗi "'yar Zurmi". Kowa ya ce kara ce, haka ake yi. Amma a raina cewa nake: wadda ta iya barin jaririya ta tafi wankin ciwon ƙarti, anya kunya ce kawai? Har ranar da nake ba ki kunu a cokali, cikin ciwon ajali, na kasa kunne ko sunana zai suɓuce miki sau ɗaya. Bai suɓuce ba. Na yi kukan mutuwarki, na kuma yi wani kukan daban wanda ban gaya wa kowa dalilinsa ba.

To ga abin da Sista Meri ta ce. Asibitinku makaranta ce aka kwashe bencuna, kuna dafa bandeji a durom kuna shanyawa ku sake ɗaurawa. A can ba wanda ya san wata kunyar ɗan fari, sai kika saki baki. Ramatu ta yi haƙori huɗu kafin in taho. Ramatu ba ta son koko sai fura. Ramatu yanzu ta isa gudu. Ta ce har suka gaji da ke! In allurar kashe zafi ta ƙare kuma dole a ɗinke mutum, ke ake kira ki danne masa kafaɗa, ki sa baki a kunnensa ki yi ta ba shi labarina har a gama. Sojoji ba su san wata Sista Hauwa ba, Maman Ramatu suka sani. Wanda aka sallama zai yo Arewa sai ya zo sallama ya ce zai gaida Ramatu. Ta ce watannin farko ruwan nono na jiƙa miki kaki, kina ɗaure ƙirji da bandeji kina aiki. Ta ce ranar da harsashin igwa ya faɗo bayan ajin da kuke, kowa ya kira abin da ya kira, ke kika yi salati, kika bi shi da sunana.

Ina zaune kan bencin 'yan makaranta, ga mata a layi suna kallona, ina dariya hawaye na zuba. Da yarinyar ta sake auna ni, cewa ta yi in dawo wani makon, awon yau ba zai yi amfani ba.

Me ya sa ba ki bar ko kira ɗaya ya iso gida ba, Inna? Ko kuwa can kika ƙarar da shi duka? Ban yi fushi ba, wallahi. Jin kaina nake kamar yarinyar da aka ɗinka wa kayan Sallah.

Saura labari ɗaya, ki riƙe bakinki. Kin san nawa ɗan farin, direban nan da ke jigila tsakanin Kaura da Zurmi. Hanyar nan ta lalace yanzu, kullum sai an ji an tare mota, in ya fita ba na samun natsuwa sai na ji ƙarar ƙofarsa. Shekara arba'in ban kira sunansa ba, yanzu ma "mai mota" nake ce masa. Jiya da hantsi na ɗauki waya, ya ɗaga, na buɗe baki na ce Lawali. Nauyinsa kamar in ɗaga turmi. Ya taka birki da fasinja cike, yana tambaya wa ya mutu. Na ce ba kowa, kira kawai na yi. Can sai ƙaton nan mai 'ya'ya biyar ya ce, da wata 'yar murya, wai bai ji sosai ba, in sake faɗa.

Na sake, Inna. Ya ji sarai.

Allah Ya kai haske kabarinki, Ya saka miki da abin da kika yi wa 'ya'yan mutane. Sai mun iso.

Taki ta fari,
Ramatu