Saƙon Kebbe Guntu-guntu Yake Zuwa

Litinin, 1 ga Yuli, 2013
Azumi ya ƙarato. Kawu Malam Jumare ba zai zauna tafsiri bana ba, muryar ta dushe. Na ɗora karatunsa na bara a kan 'yar sabar da na rubuta da harshen kwamfuta na C, wato manhajar da ke miƙa wa waya abin da ta buƙata ta intanet, don ɗalibansa su riƙa saurare ta waya. A nan Tambuwal tana aiki lafiya lau. Har na cika baki a gaban Kawu.

Alhamis, 4 ga Yuli
Atu ɗan Kawu ya kira daga Kebbe, wai ba ta buɗewa, sai ta ce ba ta gane buƙatarsa ba. Ya fara wani bayani, na katse shi. Na ce ko wayarsa ce, ko hannun da ya saba da fartanya. Ashe Kawu ya je can, yana gefensa, yana ji.

Asabar, 6 ga Yuli
Na hau babur zuwa Kebbe, taɓo har gwiwa, wai in koya musu. A zaure, a gaban mutane, tawa wayar ma ta ƙi. Kawu ƙwaryar fura kawai ya turo mini. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 7 ga Yuli
Na sa sabar ta nuna mini duk abin da take karɓa. Layin farko na buƙatar da waya ta aiko daga Kebbe ya iso, na biyu ya yanke a tsakiya. Sabis ɗin Kebbe ba ƙarfi, saƙo guntu-guntu yake zuwa. Ni kuwa sau ɗaya na sa ta karanta, sai ta ɗauka an gama magana, ta yanke hukunci. Ba ta jiran alamar ƙarshe.

Na gaya wa Atu, kaina a ƙasa. Ya ce, "Shi nika son gaya maka ran nan, Dawuda. Bisa tudun makaranta tana buɗewa, cikin gida na ba ta yi."

Na ji kamar in nutse.

Talata, 9 ga Yuli
Na gyara jiya. Yanzu tana tarawa har saƙo ya cika kafin ta amsa.

Atu ya kira ɗazu. A bayansa ina jin muryar Kawu ta bara, garau, daga wayar wani. Ya ce, "Ta yi, amma…" sai layin ya fara yankewa.

Na buɗe baki, na rufe. Ba wani abu ba ne, kawai dai na jira ya ƙarasa.